HANTA, MATSARMAMA DA MAIƘON JINI

Yau za mu yi magana a kan wani maiƙo da ke cikin jinin ko wane ɗan Adam, da kuma wani ƙanƙanin ma'aikaci da ke cikin hanta, wanda aikinsa shi ne buɗe wa maiƙon nan hanyar fita daga jiki. Idan ma'aikacin nan yana aikinsa sosai, mutum ba ya ko sanin yana nan. Idan kuwa ya kasa, ko kuma aikin ya fi ƙarfinsa, to, daga nan a kan sami tsakuwa a matsarmama, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Sabo da haka sai ku kasa kunne.

MENE NE MAIƘON NAN?

Likitoci suna kiransa kolastarol. Idan aka tace shi, fari ne, ya yi kama da kakin zuma, ba ya kuwa narkewa cikin ruwa. A cikin tsakuwar matsarmama aka fara ganinsa. Wani masani na ƙasar Faransa, sunansa Chevreul, shi ya raɗa masa suna cikin 1815, daga kalmomi biyu na harshen Girka, ɗaya ma'anarta ruwan matsarmama, ɗaya kuma abu sandararre.

Kada ku ɗauka dafi ne. Ba ɗan Adam da ke rayuwa sai da shi. Jikin mutum an gina shi ne da 'yan ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma bangon ko wace ƙwaya akwai kolastarol a cikinsa. Ƙwaƙwalwa cike ta ke da shi. Da shi jiki ke yin sinadaran da ke sa yaro ko yarinya su balaga, da shi kuma fata ke yin bitamin D idan rana ta taɓa ta, watau abin da ke ƙarfafa ƙashi.

Daga ina ya ke zuwa? Mafi yawansa jiki ne ke yin abinsa, kusan giram 1 ko wace rana. Sauran kuwa daga abinci ne, amma abincin da ya fito daga dabba kaɗai, kamar su nama, da kayan ciki, da ƙwaƙwalwa, da gwaiduwar ƙwai, da man shanu. Ba shi cikin gero, ko dawa, ko wake.

To, ga inda wuyar ta ke. Jiki yana iya ƙona sukari ya sami ƙarfi, yana iya ƙona kitse, amma ba ya iya ƙona kolastarol. Noma ba ya ƙona shi, gumi ba ya fid da shi, fitsari ma haka. Abin da ya shiga ko aka yi, dole a sami ƙofar da za a fitar da shi, in ba haka ba ya taru. Ƙofar nan kuwa tana cikin hanta.

MA'AIKACIN DA KE CIKIN HANTA

Kafin mu je ga hanta, bari mu yi muku bayanin wata kalma, watau inzayim. Inzayim wani sinadari ne da mai rai ke yi, wanda ya kan juya wani abu ya mai da shi wani abu dabam, da sauri, shi kuwa yana nan bai ƙare ba. Kun san irinsa, ko da ba ku san sunansa ba. Idan aka naɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda sai ya yi laushi, inzayim ne na cikin ganyen ya yi wannan aiki. Idan aka sa ruwan tumfafiya cikin madara sai ta daskare a yi cuku, shi ma aikin inzayim ne. Idan ka daɗe kana tauna gurasa sai ka ji ta soma zaƙi, inzayim ne na cikin yawunka ya juya ta. A jikin mutum akwai dubbansu, ko wanne da aikinsa guda, kamar yadda maƙeri ba ya yin aikin masaƙi.

Wanda mu ke magana a kansa yau, likitoci suna rubuta sunansa da haruffa da lambobi, CYP7A1. Ba lalle ku riƙe sunan ba, mu dai za mu riƙa ce masa ma'aikacin hanta, domin ba a samunsa ko'ina cikin jiki sai a hanta.

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san matsarmama, wadda waɗansu ke kira maɗaciya, 'yar jakar nan da ke manne da hanta, mai koren ruwa mai ɗaci, wadda a ke cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Mutum ma yana da ita, a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba ita ke yin ruwan ba, ajiyewa kawai ta ke yi. Hanta ce ke yinsa, wajen rabin lita ko fiye ko wace rana, watau cikin ledar ruwan sha guda. Jakar kuwa ba ta ɗaukar abin da ya fi cokali uku na cin abinci, don haka sai ta tsotse ruwan ta bar mai kauri.

A cikin ruwan nan akwai abin da a ke kira gishirin matsarmama. Da kolastarol a ke yinsa. Ma'aikatan da ke haɗuwa su yi shi sun fi 12, amma namu shi ne na farko, shi ke soma taɓa kolastarol, kuma saurin dukan aikin yana hannunsa. In ya yi sauri a yi da yawa, in ya yi nawa a yi kaɗan.

Mata masu yin sabulun salo za su gane wannan da sauƙi. Mai su ke ɗauka, wanda ba ya haɗuwa da ruwa, su dafa shi da ruwan toka, sai ya zama sabulu, wanda ke narkewa cikin ruwa har ya wanke wani maiƙon. Haka ma'aikacin hanta da abokan aikinsa ke yi. Su kan ɗauki kolastarol mai kama da kaki, su mai da shi abu mai kama da sabulu. Idan ka ci abinci mai maiƙo, sai matsarmama ta matse kanta, ta tura ruwan cikin hanji, gishirin nan ya farfasa maiƙon ƙanana ƙanana, sa'an nan jiki ya iya shansa, tare da bitamin A mai gyara ido da waɗansu irinsa. Kun ga an yi amfani biyu ke nan: an rage kolastarol, an kuma narkar da abinci.

YADDA GISHIRIN KE ZAGAYAWA

Jiki ba ya almubazzaranci. Duk gishirin matsarmama da ke jikin babban mutum wajen giram 3 ne, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Idan ya gama aikinsa ya iso ƙarshen ƙaramin hanji, sai a tsotse kashi 95 cikin 100, jini ya mai da shi hanta, a sake amfani da shi. Haka ya ke zagayawa sau da yawa ko wace rana. Kashi 5 ɗin da ya rage shi ke bin bayan gida ya fita, wajen rabin giram a yini, watau kamar nauyin maganin da ke cikin ƙwayar farasitamol guda. Ma'aikacin hanta sai ya ɗauki sabon kolastarol ya cike gurbin abin da ya fita. Ban da wannan, hanta ta kan zuba wani kolastarol ɗin yadda ya ke cikin ruwan matsarmama, shi ma wani ya fita ta bayan gida.

Ma'aikacin nan yana da lura. Idan gishiri ya komo hanta da yawa, sai ya sassauta. Idan ya komo kaɗan, sai ya ƙara ƙoƙari, ya nemi kolastarol, har hanta ta shiga jawo shi daga cikin jini. Ku riƙe wannan da kyau, domin za mu komo kansa wajen maganar magani da abinci.

A nan ɓera ya fi mu sa'a. Idan ya ci abinci mai kolastarol da yawa, ma'aikacin hantarsa ya kan ƙara sauri nan da nan ya rage shi. Na ɗan Adam kuwa ba ya yin haka sosai. Sabo da haka mu, tilas ne mu kula da abin da mu ke ci.

IDAN MAIƘO YA TARU A JINI

Tun da kolastarol ba ya narkewa cikin jini, sai an ƙunsa shi sa'an nan a ɗauka. Akwai 'yan dako iri biyu. Na farko, LDL, su ke kai shi sassan jiki. Na biyu, HDL, su ke kwaso shi su mai da shi hanta. Idan LDL suka yi yawa, hanta kuwa ba ta karɓar kayansu da sauri, sai su riƙa sauke shi a bangon jijiyoyin jini. Shekara da shekaru yana taruwa, hanyar jini tana ƙanƙancewa, kamar indararon da yayi da ƙasa ke toshewa kaɗan kaɗan, mai gida bai sani ba sai ran da aka yi babban ruwa. Wata rana gudan jini ya rufe ɗan abin da ya rage. In a zuciya ne, sai ciwon ƙirji mai tsanani, wani lokaci har mutuwar farat ɗaya. In a ƙwaƙwalwa ne, sai baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu da ƙafa na ɓari guda su mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 cikin 2019.

Sau da yawa idan wannan ya sami mutum sai a ce iska ce ta buge shi, a yi ta hayaƙi a gida har kwana biyu. Jama'a, jijiya ce ta toshe ko ta fashe, kuma ko wace sa'a aka ɓata, wani sashin ƙwaƙwalwa ke mutuwa. A ɗauke shi zuwa babban asibiti nan take. Ku sani kuma a ƙasashenmu hawan jini shi ne kan gaba wajen kawo shanyewar ɓarin jiki. In ya haɗu da maiƙon jini, da ciwon sukari, da shan taba, haɗarin ya kan ninka.

Ta yaya aka tabbata ma'aikacin hanta yana da hannu cikin wannan? Cikin 2002 waɗansu likitoci na Jami'ar Kalifoniya, a birnin San Faransisko na Amurka, suka ba da labarin mutum uku 'yan gida ɗaya waɗanda aka haifa da ma'aikacin nan a lalace, sun gado haka daga uwa da uba. Akwai wata 'yar ƙaramar hanya dabam da hantarsu ke bi ta yi gishiri kaɗan, amma bai isa ba. Aka tarar LDL ya yi musu yawa a jini, waɗansunsu kuma sun yi tsakuwar matsarmama tun ba su tsufa ba. Irin wannan gado ba safai a ke samunsa ba. Amma akwai wani gadon da ya fi shi yawa, inda hanta ba ta iya karɓar LDL sosai, wanda ke samun kamar mutum 1 cikin 250 zuwa 300. Brown da Goldstein, likitoci biyu na Amurka, su suka gano dalilinsa, aka ba su kyautar Nobel cikin 1985. Don haka in a gidanku akwai wanda ciwon zuciya ya kashe tun da sauran ƙarfinsa, ku faɗa wa malamin asibiti, ko da ku sirara ne. Maiƙon jini ba na masu ƙiba kaɗai ba ne.

TSAKUWAR MATSARMAMA

Gishirin nan shi ke riƙe kolastarol a narke cikin ruwan matsarmama. In gishiri ya yi kaɗan, ko kolastarol ya yi yawa, sai ya kwanta ya dunƙule, kamar yadda sukari ke kwantawa a gindin kofi in an zuba fiye da kima. Shi ke zama tsakuwa. Ta fi samun mata, musamman waɗanda suka haihu da yawa, da masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 40, da wanda ya rame farat ɗaya. Masu ciwon sikila su ma su kan yi tsakuwa tun suna yara, amma tasu baƙa ce, daga fashewar ƙwayoyin jini ta ke zuwa.

Mutane da yawa suna da tsakuwa ba ta dame su ba. In ta toshe hanya ne a ke jin ciwo mai tsanani a dama ƙarƙashin haƙarƙari, sau da yawa bayan cin abu mai maiƙo, ya kan kuma harba zuwa kafaɗa ko baya, tare da amai. In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, bayan gida ya yi fari fari, ko zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, domin shawara tana da dalilai da yawa, sai an gwada a ke sanin wace iri ce. A babban asibiti akwai na'urar da ke nuna tsakuwar ba tare da an tsaga ba. In likita ya ce a cire jakar, kada ku ji tsoro. Hanta za ta ci gaba da yin ruwanta, ya riƙa zuba cikin hanji kai tsaye. Doki da raƙumi ma ba su da matsarmama, ga su kuwa da ƙarfi.

Iyaye mata, ga taku. Jaririn da idonsa ya zauna rawaya har ya wuce mako biyu, musamman in kashinsa fari ne, ruwan matsarmamarsa ne mai yiwuwa ba ya isa hanji. A kai shi asibiti da wuri, kada a jira a gama wanka.

MAGUNGUNA

Akwai magani iri biyu da ya kamata ku san yadda su ke aiki. Na farko gari ne da a ke damawa a sha, sunansa kolastiramin. Ba ya shiga jini. A cikin hanji ya ke kama gishirin matsarmama ya hana shi komawa hanta, ya fita da shi. Ma'aikacin hanta, da ya ga gishiri ya ragu, sai ya ƙara ƙoƙari, hanta ta jawo LDL daga jini.

Na biyu, wanda aka fi bayarwa, ƙwaya ce, jinsinta a ke kira sitatin. Ita wani inzayim ɗin dabam ta ke sassautawa, wanda ke ƙera kolastarol tun daga farko. Wani masani na ƙasar Japan, Akira Endo, shi ya samo na farkonsa daga wata irin fumfuna cikin 1973, aka kuma soma sayar da irinsa a Amurka cikin 1987. Watau ɗaya yana faɗaɗa ƙofar fita, ɗaya yana rage abin da a ke yi.

Kada kowa ya sayi waɗannan a kasuwa don ya ji a rediyo. Sai an gwada jini likita ya rubuta. Wanda aka rubuta wa kuwa, kada ya daina don ya ji garau, domin maiƙon jini ba ya ciwo, in an daina sai ya komo. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa wa likita tukuna. Wanda ya ji naman jikinsa yana ciwo ƙwarai bayan ya soma sha, ya koma asibiti.

ABIN DA ZA KU YI A GIDA

Na ɗaya, ku yawaita cin wake, da kuɓewa, da ganye, da 'ya'yan itace. A cikin wake da kuɓewa akwai wani abu mai yauƙi da ciki ba ya narkarwa, wanda ke kama wani gishirin matsarmama ya fita da shi, kamar yadda garin maganin nan ke yi, sai dai ƙarfinsa bai kai na magani ba.

Na biyu, manya su rage kitse, da kakide, da man shanu, da manja. Manja ba shi da kolastarol, amma wajen rabinsa irin man nan ne mai daskarewa, wanda ke sa hanta ta rage karɓar LDL. Man gyaɗa da man riɗi sun fi, su ma daidai wa daida. Kifi ya fi nama mai kitse.

Na uku, wannan magana ba ta yara ba ce. Kada a hana yaro ƙwai, ko madara, ko nama, ko ɗan manja a miya. Jikinsa yana ginuwa, yana bukatarsu.

Na huɗu, ku kiyaye hanta, tun da ita ce gidan ma'aikacin nan. Ku guji giya, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, da shan ƙwayoyi barkatai. Ku kai jarirai a yi musu allurar rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa.

Na biyar, ku yi amfani da gishiri mai aidin. Idan halittar nan ta gaban wuya, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, ta yi rauni, hanta ta kan yi nawa wajen aikin nan, maiƙo ya hau.

Na shida, ku bar taba, ku motsa jiki. Wanda ya bar gona ya koma zaman shago ko tuƙin mota, ya riƙa tafiya da ƙafa ko da rabin sa'a ce ko wace rana.

Na bakwai, duk wanda ya kai shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, in ya je ɗakin magani ya roƙi malamin asibiti ya auna masa jini, ya kuma tambaye shi inda a ke gwajin maiƙo. In aka ba ka takardar gwaji, abin da a ke so shi ne jimlar kolastarol ta kasa 200, ko kuwa ta kasa 5 in da ɗayan ma'aunin aka rubuta. Ka kai wa likita takardar, shi zai duba ta tare da shekarunka da sauran halinka.

To, jama'a, a nan za mu tsaya yau. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.